A Bar wa Iska Hanya

A Kunduru, wanda Allah ya buɗa wa yakan sauke azara ya aza kwano. Ni ma da na gyara ɗakina haka na yi, amma sai da na sa magini ya bar 'yar kafa kusa da rufi. Dalili kuwa, iska mai zafi sama takan yi. In ta rasa mafita, da bazara ɗaki ya zama tanderu.

Na hunturu ya fi muni. Mutum ya shigo da kaskon gawayi, ya toshe taga da tsumma, ya kwanta. Alhali gawayi yana fid da wata guba marar wari, mai sa barcin da ba a tashi. To, ɗan'uwa, kada ka yarda magini ya liƙe ko'ina.