Gee's Bend: Ƙauyen Da Tsumma Ya Yi Daraja

Uwargida, a jihar Alabama ta Amurka akwai ɗan ƙauyen Gee's Bend, wanda kogi ya kewaye ta ɓangare uku. Akasarin mazaunansa jikokin bayin da suka yi noman auduga ne. Sanyi da rashi suka sa matansu yayyanka tsofaffin wandunan aiki da buhuna, suna harhaɗawa da allura har su zama bargo.

A 2002 aka baje kolin bargunan a birnin Houston, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarkin Amurka. Mata daga nesa kan ware ƙarshen mako su koyi ɗinkin a hannunsu, ana aiki ana waƙa.

Abin da uwa ta ɗinka don kada ɗanta ya kwana da sanyi, shi ya fito da sunan ƙauyen.