Kofin da na mayar a Sikotlan

Kwana biyu da dawowata daga Sikotlan, ɗiyata tana duba hotuna a wayata, sai ta gan ni tsaye gaban jerin gangunan katako. Ta ɗago kai ta ce: «Baba, nan ba gidan giya ba ne?» Na ce shi ne. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce: «To, ka sha?»

Taron malaman makaranta ya kai ni ƙasar. Ranar hutu masu masaukinmu suka ɗauke mu zuwa Nc'nean, wata ƙaramar masana'antar wuski a yankin Morvern, daura da tsibirin Mull. Wata mata, Annabel Thomas, ita ta kafa ta, aka fara aiki a 2017. Na so in zauna cikin mota, amma kunyar masu masauki ta hana ni.

A can na gane abin da suke kira single malt. Dokar ƙasar ta ce sai an yi shi da tsiron sha'ir zalla, da ruwa, da yisti, a gida ɗaya, cikin tukwanen tagulla. Dole ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar katako, kuma ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tattalinsu. Sha'irin da suke saye ba a zuba masa takin zamani ko maganin ƙwari. Wutar tukunya da guntayen itacen dajin da ke kusa ake hura ta. Ruwan sanyaya tururi kuwa daga wani ɗan tafki yake fitowa, ya koma, a sake jawo shi. Dusar sha'irin shanu ake ba, kamar yadda uwata take yi da dusar gero. Kwalbar ma da tsofaffin kwalabe aka narka ta.

Sai aka zo wurin ɗanɗano. Aka jera ƙananan kofuna, kowa ya kai nasa hanci, ya ɗiga masa ruwa, ya kurɓa kaɗan. Da aka miƙo mini nawa, gabana ya faɗi. Na ce: «Na gode ƙwarai, ni Musulmi ne, ba na sha.» Ina jiran a ɓata rai, sai mai yi mana jagora ta yi murmushi, ta kawo mini ruwa mai sanyi da ƴan ƙwayoyin tsiron sha'ir. Na tauna, na ji zaƙi-zaƙi irin na gasasshen hatsi. Hira ta ci gaba, ba wanda ya sake kallona.

Ban manta ba, tattalin ruwa da itace bai sauya abin da ke cikin kwalbar ba. Giya giya ce, ta rusa gidaje can da nan. Amma mutanen da suka ƙi zubar da dusa da ruwa sun tuna mini famfon makarantarmu, wanda ya yi wata biyu yana yoyo muna wucewa.

Mu iyaye da malamai mun iya cewa «kada ka je». Ba mu cika koya wa yaro abin da zai faɗa ba in ya riga ya je, kofi yana hannunsa. Ƴaƴanmu za su fita karatu Faransa ko Kanada, za a miƙa musu, kuma ba ma wurin. Shi ya sa ban share hoton ba.

Na ba ɗiyata labarin duka, har da faɗuwar gaban. Ta ce: «Kuma ba su ji haushi ba?» Na ce ko kaɗan. Ta sa na maimaita mata kalmomin da na faɗa, ta bi su a hankali sau biyu. Washegari na kira mai gyaran famfo.