Marinar Ƙofar Mata: Aji Ga Mai Koyon Ɗaukar Hoto

Mai koyon ɗaukar hoto ba sai ya mallaki babbar kyamara ba, wayar hannu ta isa. Ajinmu kuwa marinar Ƙofar Mata ce a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Mukan je da hantsi, domin hasken tsakar rana yana kashe launin shuni. Da isarmu sai mu gaida marina, mu nemi izini. Sannan mu goge gilashin kyamara, mu ba rana baya, mu durƙusa a bakin rijiya har marini ya ɗago zane yana ɗiga. Rijiyoyi da dama sun daina aiki, don haka hotonmu na yau zai iya zama shaidar da ƙannenmu za su gani gobe.