Akori-Kura: Jiya Gyara, Yau Canji

Duk wanda ya yi wayo kafin 1980 zai tuna akori-kurar Fijo 404, da ƙanwarta 504, yadda suke fitowa daga kasuwannin ƙauye da buhunan gero har sama da rufi, karen mota na lilo a baya. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, shi ya sa a wancan lokacin kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Idan inji ya fara cin baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, mota na nishi a hawa, ba wanda ke kawo zancen sayen wani. Sai dai a ce lokacin sauke inji ya yi.

Ku yaran yanzu, da kun ga wannan aiki da kun sha kallo. A gindin darbejiya ake kafa ƙarafa uku a rataya sarƙa, a ɗago injin, a warware shi a kan buhu, kowane noti da wurinsa, yaran gareji na wanke kaya da fetur a cikin tasa, shi kuwa maigida yana shafa karanshaf da farcensa, ya gane ko sai an kai shi an gurza. Injin Fijo yana da wani sauƙi: hannun rigar da fistan ke gudu a ciki zare shi ake yi, a zura sabo, a sa sababbin zobba da gasket. Bayan an ɗaure, direba ya yi kwanaki yana lallaɓa motar ba lodi mai nauyi, har inji ya zauna.

Yau bakanike ko bonet bai gama buɗewa ba zai ce maka, "Alhaji, a nemo ɗan Beljiyam kawai."

Ba lalaci ne kaɗai ya jawo haka ba. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tattalin arziki na SAP, naira ta karye, sabon kaya ya gagari talaka, jabu ya cika kasuwa. Mutum ya kashe kuɗinsa a gyara, wata uku inji ya sake bugawa saboda zobban banza, dole ya yanke ƙauna. Sai tsofaffin injuna, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, suka riƙa kwararowa daga Turai ta Kwatano da Legas, suka cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Da safe a sauke, da yamma a ɗora, gobe mota na hanya. Sai dai inji a ƙasa ba ya faɗa maka tafiyar da ya yi. An wanke bayansa yana ƙyalli, cikinsa kuwa sai Allah.

To, me mai tsohuwar akori-kura zai yi? Idan gangar injin ba ta tsage ba, kuma akwai kaya na asali da bakanike mai haƙuri, gyara ya fi, domin ka san abin da aka sa a ciki. Idan ta tsage, canji ya zama dole, amma a tayar da injin a gabanka, a ba ka kwanakin gwaji, ka kuma gyara lambarsa a takardun mota.

Tsofaffin masu sauke inji suna ƙarewa. Matashin da ke son kanikanci ya je ya durƙusa gabansu tun suna da rai.