Abin da ya dawo da ni daga Tawa

1/ Masu tambayar me ya dawo da ni gida, ga amsa.

2/ Turanci nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Tawa, Nijar. Kwantiragin shekara biyu, saura wata bakwai.

3/ Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyakar Illela da Konni. Ana cikin haka Inna ta kwanta ciwo a Tozai.

4/ Mai makaranta ya ce in na tafi, in manta da albashin wata biyu. Na ce na yafe.

5/ Ɗan kabu-kabu ya biyo da ni ta daji. Kwana tara na yi jinyarta, Allah Ya karɓi abarsa.

6/ Ɗalibaina kam na shiga haƙƙinsu, jarabawa na gabansu. Wallahi har yau abin na cina. Amma ko gobe, haka zan yi.