Tsiren Matafiyi: Ina Ake Tambaya, Ina Ake Yin Shiru?

 

Mu mutanen ƙasar Gumel ba mu taso da tambayar asalin nama ba, domin a gaban idonmu yake bin hanyarsa. Kowace Alhamis dabbobi na cika karar Maigatari, wasu daga rugagen Sule Tankarkar da Gagarawa, wasu daga ƙasar Damagaram ta Nijar. Mahauci ya saya, a yanka da sunan Allah, da yamma mai tsire ya kafa tukuba ya barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji. Ka san mahaucin, wataƙila ma sahu ɗaya kuka yi sallar La'asar. Sai ranar da tafiya ta ɗauke ka ne za ka gane cewa wannan natsuwa ni'ima ce.

Wata tafiya da na yi ta sa na zauna na yi nazarin lamarin. A filin jirgin Malam Aminu Kano na haɗu da wani matashi ɗan Gagarawa da zai tafi karatu Indiya. Jira ya yi tsawo, na sayo tsire a gidan abinci na ce, "Bismillah, ɗan uwa." Ya ce a'a, ya ga wani bidiyo a waya, tun daga nan ba ya cin naman da bai ga yankansa ba. Na yaba da tsoron Allahnsa, amma na tuna masa hadisin Nana A'isha (RA) da ke cikin Sahihul Bukhari. Wasu sun kawo wa Manzon Allah (SAW) kukan cewa ana kawo musu nama, ba su san ko an ambaci sunan Allah wajen yanka ba, masu kawowar kuwa sababbin shiga Musulunci ne. Sai ya umarce su da su ambaci sunan Allah da kansu su ci. To, idan sabon musulunta ya samu wannan kyakkyawan zato, ina ga mahaucin Kano? Ƙin cin namansa ba tare da hujja ba tuhuma ce, ko da mai ƙin bai yi nufin haka ba. Yaron ya yi shiru, can ya miƙo hannu.

Jirginmu ya yada zango a filin Bole na Addis Ababa, a ƙasar Habasha wadda sahabbai suka yi hijirar farko zuwa gare ta, shekara biyar bayan aiko Annabi (SAW). Nan ma ƙamshin gasasshen nama, wanda suke kira tibs, ya tare mu. Abokin tafiyata ya ce, "To Malam, sai mu yi bismillah mu ci." Na ce a nan kuma sai an tambaya.

Dalili shi ne, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, aya ta 121 ta Suratul An'am kuma ta hana cin abin da ba a ambaci sunan Allah a kansa ba. Malamai sun yi saɓani kan abin da Kirista ya yanka yana ambaton wanin Allah: wasu sun haramta, wasu sun karhanta. Su kansu Habashawa sun raba mahautansu, na Musulmi daban na Kirista daban, har akan sa alamar jinjirin wata ko ta gicciye a shago. Saboda haka tambaya a wurinsu ba cin fuska ba ce. Mai kawo abincin ya amsa cikin ladabi cewa ba shi da tabbacin inda aka yanka. Muka yi masa godiya, muka ci gurasarsu mai tsami, injera, da miyar garin wake da suke kira shiro. Muka ƙoshi, zuciya kwance.

Ya kai ɗan uwa mai shirin tafiya karatu ko fatauci, ma'aunin ke nan da na fahimta. A garin da Musulmi ne ke yanka, asali shi ne halacci, yawan bincike waswasi ne da ke ɓata zumunci. A garin da yanka ya cakuɗe, tambaya ɗaya cikin mutunci ta wadatar. In amsa ba ta fito ba, ga kifi, ga ƙwai, ga wake. Yunwar jiran jirgi ba ta kai lalurar da ke halatta haram ba. Kafin ka bar gida, ka zauna da malamin unguwarku ka karanta babin yanka, domin a ɗakin jira babu wanda za ka tambaya sai abin da ka taho da shi a ƙirji.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya. Wassalamu alaikum.