Kar Ka Yi Saurin Zare Memori

Ranar bikin ƙanwata a Yashe na tura wa ango hotuna a memorinsa. Ina ganin 100% na zare na miƙa masa. Yana isa Kankiya ya kira ni: rabin hotunan sun ƙi buɗewa. Wallahi har yau kunyarsa nake ji.

Ka san dalili? Zuciyar Android ita ce Linux. In ka tura fayil, tana fara ajiye shi a RAM, ta ce maka an gama, sannan ta ci gaba da rubutawa a memori ta bayan fage, don kada wayarka ta tsaya jira.

Ɗan'uwa, kafin ka zare, shiga Settings, Storage, ka danna Unmount ko Eject. Sauri ya haifi nawa.